Gwajin Da Ya Kashe Alhaji Shitu

Kabir, Abdulmumini, don Allah ku bar musun nan haka, shayi yana hucewa. Tun da muka zauna, kai Kabir kana cewa a rubuta gwaji kafin a rubuta manhaja, kai kuma Abdulmumini kana cewa a gama manhaja tukuna, sannan a bi ta gunduwa-gunduwa a gwada. Ku matso in ba ku labarin wanda ya bi hanyoyin nan biyu, duka suka ɓulle da shi.

Wani ne a Rogo, irinmu sak. Ya je Kano ya yi 'yan watanni yana koyon rubuta manhaja. Ya dawo da kwamfuta a jakar goyo, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Kun dai san halinmu. Da mun iya sa kwamfuta ta ce sannu, sai mu fara kallon mutanen gari da tausayi. Kafin a ce me, 'yan unguwa sun sa masa Injiniya. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

To, yana son Zaituna, 'yar Alhaji Shitu, shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarsu. Ita ma tana sonsa, Allah kaɗai ya san dalili. Matsalar ɗaya ce tak: Alhaji bai yarda yaron yana da sana'a ba. Ranar da ya je gaisuwa ya durƙusa a zaure, Alhaji ya ƙare masa kallo.

"Wai me kake yi ne, ɗan nan?"

"Baba, manhaja nake rubutawa."

"Ana sawa a buhu?"

"A'a, Baba, a cikin waya take zama."

"Au, gyaran waya kake."

"A'a, Baba."

"Caji?"

"A'a, Baba."

"To ni dai ban ga abin da za ka ciyar da mace da shi ba. Amma ga aiki. Duk sanda aka yi haihuwa ko rasuwa, sai sakatarenmu ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana kira har makogwaronsa ya bushe. Kuma sai an manta da wani, ya yi fushi. Ka yi mana abin da za a danna sau ɗaya, kowa ya ji. In na ga ya yi aiki, ka turo magabatanka."

Injiniya ya fito yana tafiya kamar an riga an shafa fatiha.

Abdulmumini, buɗe kunnenka, a lokacin ɗan ɗarikarku ne. Ya raba manhajar gida uku. Gunduwa ta farko ta zaɓo sunan mutum. Ta biyu ta haɗa sanarwa. Ta uku ta aika wa 'yan ƙungiya. Da ya gama, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana gwadawa, kowace ita kaɗai. Mai zaɓo suna, ta zaɓo. Mai haɗa sanarwa, ta haɗa. Mai aikawa, ta aika wa wayarsa. Allon kwamfuta ya yi kore shar, alamar duk sun ci jarrabawa. Ya jingina da bango yana jin tausayin duk wanda bai yi karatu ba.

Abin da bai yi ba shi ne ya haɗa su wuri ɗaya ya ga ko suna jituwa. Ashe gunduwa ta farko daga ɗaya take fara ƙirga mutane, ta biyu kuma daga sifili. Kowace a ɗakinta lafiya lau. Da an haɗa su, sai suna ya zame zuwa na mutumin da ke biye.

Ana haka Murja matar Sulle mai faci ta haihu. Sakatare ya danna. Saƙo ya shiga wayar kowa, daga Rogo har Gwangwan: "Alhamdu lillahi, Iya Lauratu ta sauka lafiya, an sami namiji. Suna ranar Laraba."

Iya Lauratu kuwa tsohuwa ce mai man gyaɗa, jikokinta ma sun aurar da 'ya'ya. Tana zaune a tsakar gida tana murza tunkuza, sai ga mata suna shigowa da sallama. Wasu dariya ta kawo su, wasu kuma so suke su gani da idonsu.

"Iya, barka da arziki!"

"Arzikin me?"

"An ce kin sauka."

"Daga ina?"

Aka karanta mata saƙon. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ɗauki muciya, ta nufi gidan su Injiniya. Ta same shi a ƙofar gida.

"Kai ne ungozomar?"

"Iya, wallahi kowace gunduwa na gwada ta, kuma ta ci."

"Ni ban san gunduwa ba. Ka faɗa min uban yaron, tunda maigidana Malam ya daɗe a ƙasa."

Ya ce zai yi bayani. Muciya ta riga shi. Sulle mai faci kuma ya daina amsa gaisuwarsa, don babu wanda ya je masa barka.

Alhaji Shitu ya aika aka kira shi. "Ɗan nan, ka ba tsohuwa haihuwa. Na yafe, don ba a gidana aka yi ba. Saura dama ɗaya."

Gogan naku ya hau acaɓa sai Karaye, wajen ɗan kawunsa Zubair a Unguwar Hajji. Kabir, ga malaminku ya shigo. Zubair irin mutanen nan ne da in suna maganar gwaji sai ka ɗauka wa'azi suke. Ya saurari labarin Iya Lauratu yana girgiza kai.

"Ɗan'uwa, ai a ɓata kake. Wa ya ce maka ana gini sannan a zo ana duba ko ya miƙe? Gwaji ake fara rubutawa."

"Gwajin me, alhali babu manhajar?"

"Nan ne daɗin. Ka rubuta abin da kake so ya faru, tun daga farko har ƙarshe. Ka kunna gwajin, ya faɗi, allo ya yi ja."

"Ya faɗi kuma? Ni faɗuwar nake gudu."

"Dole ya faɗi, tunda ba ka yi aikin ba. Sannan ka rubuta manhaja daidai abin da zai sa ya ci, kada ka ƙara ko layi ɗaya. Allo ya yi kore. Daga nan duk abin da ka taɓa, ko ɗigo ne, ka sake kunna gwaje-gwajenka gaba ɗaya. Ja, kore, gyara. Ja, kore, gyara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wanda ya riƙe wannan ba ya jin kunya."

Injiniya ya dawo Rogo yana ta maimaita ja, kore, gyara a bayan ɗan acaɓa, har mutumin ya tambaye shi ko tallan atamfa yake. Akwai abu ɗaya da Zubair bai faɗa masa ba, don a ganinsa ko jariri ya sani: ba a gwaji da lambobin mutane na gaske. Mu ma duk mun sani. Kowannenmu kuma ya san ranar da ya sani.

Da safe ya goge tsohuwar manhaja kaf. Ya ce wannan karon da sanarwar rasuwa zai fara, tunda haihuwa ba ta karɓe shi ba. Kuma gwajin zai bi hanya tun daga suna har wayar jama'a, kada a sake yin ta Iya. Sai ya tsaya a kan tambaya ɗaya: sunan wa za a sa?

Ya rubuta nasa, ya yi sauri ya goge, ya tofa addu'a. Ya yi tunanin ƙirƙiro suna, ya ce a'a, ƙarya ba kyau. Ya yi tunanin sakatare. Sai tarbiyya ta motsa. Yaya za a yi a fara abu a ƙungiya, a tsallake shugaba a sa na ƙasa da shi? In Alhaji ya ji, ai sai ya ce an raina shi. Ko tuwon suna ne, shi ake fara miƙa wa. Ya gyara zama cikin ladabi ya rubuta: idan Alhaji Shitu ya rasu, kowa ya sami sanarwa.

Ya kunna. Ja. Ya ji daɗi, ya ce Zubair bai yi ƙarya ba.

Ya rubuta manhaja daidai abin da gwajin ya nema, bai ƙara ko layi ɗaya ba. Wato a duk faɗin duniya abu ɗaya manhajar nan ta iya, kashe Alhaji Shitu. Ya kunna. Kore.

Ya yi hamdala, ya rufe kwamfuta, ya kashe waya don kada a dame shi, ya kwanta ya huce gajiya.

Alhaji kuwa tun sassafe yana gonar gyaɗa can bayan gari, inda babu sabis ko na rantsuwa. Saƙo ya shiga gari: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Alhaji Shitu rasuwa. Jana'iza bayan Azahar a ƙofar gidansa." Aka kira wayarsa, ba ta shiga. Aka ce ai kuwa ta tabbata. Gida ya kaure da kuka, Zaituna ta faɗi aka yayyafa mata ruwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matasa suka ɗauki diga da shebur suka yi maƙabarta. Kowa ya ɗauka gawa tana hannun wani. Na waje suna cewa tana ciki, na ciki suna cewa ana kawo ta daga gona.

Wajen Azahar sai ga Alhaji a ƙafa, babur ɗinsa ya yi faci a hanya. Ya sha ƙura, ya naɗe kai da rawani saboda rana. Ya hango taro a ƙofar gidansa. Ya lallaɓa ta baya ya tsuguna kusa da wani tsoho da idonsa ya yi rauni.

"Malam, ya haƙuri? Wa aka rasa?"

"Mai gidan ne, Alhaji Shitu."

"Alhaji Shitu?"

"Shi. Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, sai dai hannu a dunƙule. Ko ruwa ka sha a gidansa sai ya leƙa kofin."

Alhaji ya warware rawani ya miƙe tsaye. "Ni ne nake leƙa kofi?"

Jama'a, ba a tsaya neman takalma ba. Liman ne kaɗai bai gudu ba, shi ma don gwiwa ce ta hana shi.

Zaituna da kanta ta je ta buga wa Injiniya ƙofa, ido duk ya kumbura.

"Ka kashe min uba!"

"Subhanallahi! Ya rasu?"

"Yana nan da ransa, yana nemanka!"

"To saƙon ya je wa kowa?"

"Har Gwangwan!"

Wallahi sai da murmushi ya kusa kuɓuce masa. Kada ku yi masa dariya, ku ma da shi za ku fara ji: aiki ya yi. Zaituna ta ga murmushin. Ta ce in bai gyara wannan ɓarnar yau ba, ko a hanya ya gan ta kada ya yi mata sallama.

Ya buɗe kwamfuta. Mai hankali zai ari wayar sakatare ya kira mutane ya ba su haƙuri. Shi kuwa ya riga ya shiga ɗarika. Ya ce ba ya taɓa komai sai da gwaji. Ya rubuta na biyu: idan Alhaji Shitu bai rasu ba, kowa ya sami sanarwa. Ja. Ya rubuta manhaja. Sannan ya tuna karatun Zubair, duk abin da ka taɓa, ka kunna su gaba ɗaya. Ya kunna.

Gwaji na farko ya tashi ya kashe Alhaji. Na biyu ya bi baya ya tashe shi. Kore, kore.

Ya ga ya manta bai sa "muna ba da haƙuri" ba. Ya sa, ya kunna. Alhaji ya rasu, Alhaji yana nan. Ya ga wani waƙafi bai zauna daidai ba. Ya gyara, ya kunna. Alhaji ya rasu, Alhaji yana nan. Kun san mu da gyara. In muka fara, sai an ƙwace kwamfutar.

Ga sabis ɗin wajenmu kuma ba ya kai saƙo a jere. Wani sai ya fara samun "yana nan da ransa", ya yi hamdala, ya sa loma a baki, sai "Inna lillahi" ta shigo. Mutanen Gwangwan sun cika mota sun taso jana'iza. A hanya waya ta yi ƙara, aka ce direba juya, yana da rai. Ya juya. Ta sake ƙara, aka ce direba juya, ya cika. Ya juya. A juyi na ban san nawa ba direba ya kashe mota a gindin wata bishiya, ya ce shi ba zai ƙara motsi ba sai Alhaji ya tsai da magana ɗaya.

Masu haƙa kabari su ma haka. Su haƙa, su mayar da ƙasa, su haƙa. Daga ƙarshe babbansu ya aiko a tambayi Alhaji, don girman Allah, a bar ramin ko a rufe?

Wata ƙanwar Alhaji da ke aure a Karaye ta kira shi tana kuka. Ya ɗauka ya ce, "Ni ne, Fauziyya, ina nan lafiya." Ta ce, "Na sani, Yaya, wancan na ɗazu ne. Na yanzu nake yi wa kuka."

Sai da cajin kwamfuta ya ƙare sannan Alhaji ya samu ya huta da mutuwa.

Injiniya ya kwana biyu bai fito ba. Ya kira Zubair ya faɗa masa. Zubair ya ce, "Amma dai gwajin ya ci ko?" Ya ce ya ci. Zubair ya ce, "To ka gani. Tsarin ba shi da laifi." Daga baya ne ya ce masa ya cire lambobin mutane daga cikin gwajin.

Ranar da ya yi ƙarfin hali, ya sa babbar riga, ya rungumi kwamfuta, ya tafi bayan La'asar. Har lokacin tabarmi suna ƙofar gida, don baƙi daga nesa ba su daina zuwa ba. Wasu ta'aziyya suka zo, da suka tarar da mamacin a zaune sai suka mayar da ita barka. An ci masa buhun shinkafa, an shanye masa sukari. Alhaji yana zaune a zaure, ya rame, yana jan carbi.

Injiniya ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

"Ya gida? Ya iyali?"

"Lafiya."

"Ya... ya ƙarin haƙuri?"

Alhaji ya daina jan carbi. Injiniya ya yi sauri ya buɗe kwamfuta.

"Baba, na tuba. Amma a duba, aikin ya yi. Cewa aka yi a danna sau ɗaya kowa ya ji. Akwai wanda bai ji ba?"

"Babu. Har wanda na yi shekaru ina ɓoye wa ya ji."

"To ka gani, Baba. Da tsohon tsari ne, da sunan wani zai fito. Wannan kuwa duk sanda aka kunna, kai ne. Bai taɓa kuskure ba."

"Na shaida."

"Kuma yanzu na gyara. Na cire lambobin jama'a duka daga gwajin. Taka kaɗai na bari, don ba ladabi ba ne a cire shugaba. Bari ka gani da idonka."

Kafin Alhaji ya buɗe baki, ya danna. Allo ya yi kore shar. Ya juya kwamfutar yana nuna masa, kamar Alhaji ya san abin da kore yake nufi. Ya saci kallon aljihun Alhaji. Sabis bai kawo komai ba. Can cikin soro ana jin motsin mayafi, Zaituna ce ta laɓe tana saurare.

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya.

"To Baba, maganar da aka yi. In turo su kawu?"

Alhaji ya numfasa. "Ɗan nan, kai ba ka da kunya ne? Gida ana zaman makoki, ka zo da maganar aure? Ka bari a yi sadakar arba'in tukuna."

Injiniya ya ji sanyi a ransa, tunda dai ba a ce a'a ba. Ya fara lissafi da yatsu.

"Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma daga wace rasuwar za a fara ƙirgawa? Ta farko, ko ta ƙarshe?"

Sai waya ta yi ƙara a aljihun Alhaji. Ya zaro ta, ya nisanta ta da ido, ya karanta a hankali har ƙarshe. Ya mayar da ita aljihu, ya ɗauki carbinsa.

"Daga ta yanzu."